Za mu cike fadamar bayan gari mu yanka fulotai: me za mu rasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke ƙasar Daura, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Muna da fadama a bayan gari, da tafki a tsakiyarta wanda ke cika da damina, ya kai wajen watan Fabrairu kafin ya ƙafe. Matasa sun kawo shawarar a cike wurin da ƙasa a yanka fulotai a sayar, a gina ajujuwa da kuɗin. Hujjarsu sauro da tsargiya, kuma sun ce ban da kwaɗi da balbela ba mai amfana da wurin. Dattawa sun ƙi, amma ba su da abin faɗa sai "haka muka tarar". Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Kada ku cike. Dattawanku sun yi daidai ko da sun kasa faɗin dalili. Matasanku ma ba ƙarya suka yi ba a kan tsargiya, sai dai maganin da suka kawo ya fi cutar tsada. Na daɗe ina aikin ƙasa da ruwa a fadamun jihar nan, daga Jibiya har Baure, kuma na tarar da irin wannan gardama a gari fiye da ɗaya. Kullum ɓangarorin biyu ruwan da ke kwance a sama suke kallo, alhali fadama a ƙarƙashin ƙasa take yin babban aikinta.

Kafin zamanku na gaba, ga ɗan aikin da zan ba ka. Ka sami tsofaffin gari, maza da mata, ka tambaye su wace rijiya ce ba ta ƙafe ba a farin 1973, wace ce kuma ta riƙe gari a na 1984. Sannan a watan Afrilu, da bazara ta yi tsanani, ka bi gida-gida ka ji gaba nawa ce igiyar gugan kowa, ka fara daga bakin fadama ka yi ta hawa zuwa unguwar kan tudu. Tsawon igiyar da za ka ga yana ƙaruwa, wani abu daga ciki tudu ne kawai ya jawo shi, wannan gaskiya ne. Amma ka lura da rijiyar da ake kwana ana layi a kanta saboda sauran sun koma laka. Duk inda na yi wannan tambaya, yatsa fadama yake nunawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan saman da ƙasar Daura ke samu a shekara bai wuce milimita 600 ko kusa da haka ba, kuma duka cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Gona mai yashi tana shan nata, amma tsakar gida, hanya, kasuwa, kan dutse da faƙon da dabbobi suka tattake ba sa sha, sai ruwan ya gangara ya taru a wuri mafi kwari. Nan ne fadamarku. Gindin tafkin laka ce, ita ke hana ruwan zurarewa a kwana biyu, ta riƙe shi watanni. Cikin waɗannan watanni yana ta tsatsa a hankali ta gefe-gefe zuwa cikin yashin da ke ƙarƙashin gari. Ruwan da ya tsaya a fili kuwa rana da iska ke rabawa, don a yankinmu abin da suke iya shanyewa daga buɗaɗɗen tafki a shekara ya ninka abin da sama ke zubarwa. Wanda ya shige ƙarƙashin yashi ne ya tsira daga rana, kuma shi kuke ja da guga daga Maris har saukar ruwa. Tafkin baki ne kawai, rumbun yana ƙasa.

Na san wani zai ce ai yanzu zamanin burtsatse ne. To, burtsatse ma ba ƙirƙirar ruwa take yi ba. A yawancin ƙasar Katsina dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ruwan da burtsatse ke ja yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagoginsa, kuma daga ruwan damina yake samuwa. Duk burtsatsen da aka ƙara haƙawa, baki ne aka ƙara a kan ƙwarya ɗaya. Idan kun toshe inda ake zuba wa ƙwaryar ruwa, sai ku ƙara kuɗin haƙa ku ƙara zurfi.

Sai batun inda ruwan zai tafi bayan kun cike. Damina ba za ta ji labarin an yanka fulotai ta fasa zuwa ba. Na taɓa ganin wani gari da aka yi haka: aka shekara biyu ana jibga bola a kududdufi, aka rufe da jar ƙasa, aka sayar. Na shiga ɗaya daga gidajen a wani watan Agusta. Maigidan ya ja ni ɗakin matarsa, ya janye gado ya nuna mini bango. Daga ƙasa har gwiwa siminti ya jiƙe ya yi baƙi, sama da nan farin gishiri-gishiri ya fito yana zuba kamar garin kanwa, tabarma tana wari. Salgar gidan ta cika ta tumbatsa, rijiyarsu kuma taku kaɗan ce daga gare ta. Da rani na sake komawa na tarar katangar ta tsage daga sama har ƙasa, saboda baƙar laka kumbura take in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, gini kuwa ba ya jure wannan ja-in-ja. Maƙwabtan da ba su sayi ko taku ɗaya ba su ma sun sha nasu, don ruwan da ya rasa masauki lungunansu ya bi. Mutanen jihar nan ba su manta da daren watan Yuli na 2018 a Jibiya ba, da ruwa ya ci rai sama da 40, kuma gidajen da ke kusa da hanyar ruwa su suka fi jin jiki. Fuloti mai arha a cikin fadama, mai shi zai ƙarasa biyan kuɗinsa duk damina.

Yanzu ga maganar kwaɗi da balbela, wadda ta ba ni dariya, don ni ma da ƙuruciya haka na ɗauka. Ka je bakin tafkin nan da asuba a watan Satumba ka zauna shiru na rabin sa'a. Za ka ga bado ya buɗe, kainuwa tana yawo, kifi yana tsalle. Zalɓe zai tsaya cikin ruwa kamar an dasa shi. Kirinjijiya za ta wuce garke guda tana fito, zakaran kekuwa ya tashi yana tsegumi a kanka, watakila ka ga guza ya sulale cikin ciyawa, ko kififiya ta leƙo da hanci. Kowanne da abin da yake ci da mai cin sa, kuma zaren yana ƙarewa a gonakinku. Kwaɗo ɗaya yana kwana yana lashe ƙwari. Balbela fara da tsutsa take bi a bayan shanu. Shamuwa, wadda manoma ke ɗauka alamar damina ta kusa, fara ce babban abincinta, kuma ba ta yin sheƙa a garin da ba ta da wurin kiwo kusa. Da kaka ta bar mu ta tsallaka can kudancin Afirka, inda daminarsu ke farawa lokacin da tamu ta ɗauke.

Amma abin da ya fi koya mini yadda fadama take shi ne gaiwa. Wata bazara muna haƙa ramin duba ƙasa a tsakiyar wani busasshen tafki, laka ta tsattsage har hannu yana shiga tsagar, sai wani dattijon masunci da ya zo kallonmu ya ce mu dakata. Ya durƙusa ya nuna mana wani ɗan rami kamar na gyare, ya karɓi fartanya ya sare gefensa a hankali, ya ciro dunƙulen laka ya fasa. Ga gaiwa a naɗe, wutsiya ta rufe kai, cikin wata busasshiyar jaka mai kama da takarda wadda ta yi da majinar jikinta, da ɗan bututu a daidai bakinta. Da ya taɓa ta sai ta yi wani gurnani. Kifi ne mai huhu, yana shaƙar iska ta wannan ɗan rami wata bakwai ko takwas, yana rayuwa a kan naman jikinsa, shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Ruwan farko na sauka laka ta jiƙe, ta fito ta hayayyafa. Tarwaɗa ma tana da nata dabarar jure ƙarancin ruwa, kwaɗi suna binne kansu, 'ya'yan bado da na ciyayi suna kwance cikin busasshiyar laka suna jira. Wurin da kuke gani a watan Afrilu kamar ba komai a cikinsa cike yake da masu barci.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a amsar nan. Ran fadama yana cikin cikarta da janyewarta. Ruwa ya zo ya mamaye ciyawa, kifi ya shiga ya yi ƙwai a wurin da ba zurfi, laka mai taki ta kwanta. Ruwa ya fara ja da baya, mai shinkafa ya girbe, mai lambu ya bi danshi da albasa da tumatir, burugu ya tsiro wa shanu, tsuntsu ya sami laka mai tsutsa. Ya ƙafe sarai, ƙasa ta sha iska, ƙwayoyin cuta da yawa su mutu. Duk abin da ya ɓata wannan zagaye ya kashe fadama, ko hana ta ruwa ne, ko kuwa hana ta bushewa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, ita ce uwar fadamun Arewa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama kogin Yobe su nufi tafkin Cadi. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwan da ake saki kuma ya koma gudana rani da damina a wasu rassan. Wuraren da a da suke bushewa suka daina. Sai ciyawar kacalla ta samu abin da take so, ta cika hanyoyin ruwa, ta toshe su da laka, ruwa ya karkata ya cinye gonakin wasu, na wasu kuma suka bushe ƙurmus. Cikin kacallar nan tsuntsun jan-baki ya sami mafaka yana fita yana cinye gero da shinkafa. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa in aka haɗa noma, kamun kifi da itacen da fadamar ke bayarwa, ruwan da aka bar mata ya fi kawo amfani a kan daidai wannan ruwan in an tare shi don noman rani a sama. Ba cewa nake dam sharri ne ba. Birnin Katsina da Ajiwa yake sha, ku ma kun san amfanin Sabke da Daberam. Amma duk ruwan da aka tare, akwai na ƙasa da aka rage wa. Kogin Gada da aka datse a Jibiya shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, manoman can su ne shaida.

Tsuntsayen hunturu kuma labarinsu daban ne. Daga Oktoba zuwa Maris, ƙananan agwagi da wasu masu dogayen ƙafafu da za ka gani suna caccakar laka, da yawansu baƙi ne daga Turai da Rasha. Sun gudo wa sanyi, sun ratsa teku, sun ratsa Sahara, kuma ruwan farko da suke tararwa bayan hamada shi ne tafkunan yankinmu. Saboda su aka keɓe Dagona a jihar Yobe, har mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya kai ziyara can a 1989. Manyan wurare irin su Dagona da Baturiya su ake ji, amma matafiyi ba ya isa babban gari sai da ƙananan zanguna a hanya, tafkinku ɗaya ne daga cikinsu. Ka tambayi dattawa kuma yaushe rabonsu da jin kukan gauraka. Tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa a Najeriya ke nan, da kirarinta da rawarta, yau samun ta a daji ya zama labari, saboda ciyawar fadamar da take ƙwai a ciki an nome, ita kuma an kama an kai gidajen masu hali ado. Ina ambaton tsuntsaye ne don su ne ma'aunin da ba a saya da kuɗi. Ranar da suka daina sauka a wuri, ka bincika, za ka tarar kifi ya riga ya ragu, ruwa kuma ya gurɓace.

To, mu koma kan hujjar matasa, don ba abin rainawa ba ce.

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka: sawun kofaton shanu, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, tayar mota, kwatar da ta toshe, wurin da injin ban-ruwa ya malala. A tsakiyar tafki mai rai, 'ya'yansa abincin karfasa ne da 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa. Ba na ce tafkinku ba ya fitar da sauro ba, gefensa mai ciyawa da tattakar dabbobi yana fitarwa. Amma in kuka cike shi, ruwan da ya saba taruwa wuri ɗaya zai watsu ya zama ɗaruruwan ƙananan kwatami a lunguna, babu kifi ko ɗaya a cikinsu, kuma a ƙofar ɗakunan kwana. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake ba yara duk damina sun fi tifa ɗari ta jar ƙasa aiki.

Tsargiya kuwa tafkin yana da hannu a ciki dumu-dumu, amma ba shi ke ƙirƙirar ta ba. Yaro mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa, ya hayayyafa a ciki, ya fito ya huda fatar yaron da ya shigo wanka. Ba sai an sha ruwan ake ɗauka ba, shiga ake yi a ɗauka. In ba fitsarin mai cuta a ruwan, katantanwa ba ta da abin da za ta raba. Akwai ƙwayar maganin da ake rabawa a makarantu kyauta, kai malami ne, ka fi ni sanin yadda iyaye ke hana 'ya'yansu sha saboda jiri da tashin zuciyar da yake sa wa in an sha da yunwa. A ciyar da yaro kafin ya sha, a ba kowa a lokaci ɗaya, a maimaita duk shekara. A gina wa makaranta makewayi. A yi wurin wanki da wanka a bakin rijiya, nesa kaɗan da tafki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma sa bahaya a mashaya cikin abubuwan da ke jawo tsinuwa. Liman ya yi huɗuba biyu a kan haka kafin damina. Kurkunu ma ta ruwan tafki take zuwa, kuma a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita, da tace ruwa da hana mai ƙurji shiga tafki da haƙa rijiyoyi. Ba cike tafkuna aka bi ana yi ba.

Sai dai kar dattawa su ɗauka sun yi nasara su koma su kwanta. Fadamun da na ga sun mutu, yawancinsu ba wanda ya zauna ya yanke shawarar kashe su. Yashi ne ke binne su a hankali. An sare itatuwan gangare, an nome har bakin ruwa, kwazazzabo ya buɗe, duk ruwan sama ya kwaso ƙasar gona ya zuba a tafki. Shekara goma, wurin da a da yake shanye mutum ya koma iya gwiwa, ya riƙa ƙafewa tun Disamba. Saboda haka kariyar tafki daga tudu take farawa: a jera duwatsu a kan gangare, a toshe kan kwazazzabo tun yana ƙarami, a bar gawo da kanya da marke su tsiro a gona, a bar ɗamarar gamba ko jema kewaye da ruwa wadda garma ba ta taɓawa. Kada ku yarda a dasa muku itacen turare a bakin tafki, yana girma da sauri amma shan ruwansa ba kaɗan ba ne. Giginya da goruba sun fi dacewa da wurin.

Daga nan sai injin ban-ruwa. Lokacin jigo, ƙarfin mutum shi ne iyakar abin da zai ɗiba. Tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injuna a farkon shekarun 1990, noman rani ya bunƙasa, talaka ya samu, ba mai musu. Amma yanzu ga na hasken rana, wanda ba ya cin mai, mutum ya kunna da safe ya tafi kasuwa ya bar ruwa yana malala. Ku zauna da masu lambu ku tsayar da yawan rijiyoyi da tazarar da ke tsakaninsu, kuma a bar wani kwarin tafkin da ba a sa masa tiyo ko da wane dalili, don kifi da dabbobi. Masu feshi su daina wanke tankinsu a ruwan. Masu tifa kada su ɗebi yashi a mashigar ruwa, kada kuma a yashe tsakiyar tafkin da babban inji har a huda lakar da ke riƙe shi. Na ga tafkin da aka yi wa haka da niyyar gyara, ya zama rariya.

Kamun kifi yana da tsohon tsarinsa da ba sai an aro ba. A Argungu ana hana kamu a kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe, kuma garuruwa da yawa suna da irin wannan al'ada ta ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya. Ku mayar da ita: ba kamu daga saukar ruwa har kifi ya gama ƙwai ya girma, ba kamu da gidan sauro don yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba, wanda kuma aka kama ya zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa a kai shi gaban hukuma, don wannan guba ce yake sayar wa mutane.

Kada ku manta da makiyaya. In akwai burtalin da ke sauka tafkin, a fitar da shi fili a kafa masa alama, a keɓe mashaya ɗaya a zuba mata tsakuwa, masu lambu su ja shingensu. Rigingimun da suka addabi jihar nan, da yawa daga toshe hanyar ruwa suka faro. Hadisi ya ce mutane sun yi tarayya cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi da na gari, wato filin da ke kewaye da su wanda ba mai ikon mallake shi. Abin da dattawanku ke nufi da "haka muka tarar" ke nan, sunansa ne ya ɓace musu.

Ta fuskar doka ma ba ku da hurumin yin abin da matasa ke so kai tsaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa amana a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da ita, sannan akwai ƙa'idojin tarayya na 2009 da suka shafi kare fadamu da gaɓar koguna da tafkuna. Duniya ma tana da yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, wadda Najeriya ke ciki, tafkin Nguru ne wurin farko da ta sa a jerin. Rahoton da aka fitar ƙarƙashinta a 2018 ya nuna kashi 35 cikin ɗari na irin waɗannan wurare sun ɓace tsakanin 1970 da 2015. Abin da nake so a yarjejeniyar shi ne ba ta ce a kori mutane a kewaye da waya ba, amfani cikin hikima ta ce. Amma kada ka jira Abuja ta zo ta kare tafkin da ba ya cikin taswirarta. Ku rubuta yarjejeniyarku, mai gari da hakimi su sa hannu, da wakilin masu lambu, masunta, ardo da mata masu ɗibar ruwa, a kai kwafe ƙaramar hukuma. Ku auna iyakar a ƙarshen Agusta, ranar da ruwa ya kai maƙurarsa, ku kafa turakun siminti a nan. In kuka auna da rani, rabin fadamar zai tafi a fuloti.

Ajujuwa kuma ana buƙatarsu, kuma kada a bar matasa da kunya. Kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓa. Hayar filayen lambu da kuɗin shiga ranar su duk shekara suke zuwa, in an sami amintaccen ma'aji da littafin da kowa zai iya dubawa. Ku ba matasan riƙon wannan asusu da tsaron iyakar, tunda su ne masu ƙarfin zagayawa. Fulotai kuma a nema a jigawa, inda gini zai zauna lafiya.

Kai kuma, Malam, kana da abin da ni ban taɓa samu ba a aikina, wato yara arba'in ko fiye da ke wucewa ta bakin tafkin kullum. Ka sami dogon ƙarfe ka yi masa zane da fenti duk bayan santimita goma, ka kafa a kwarin tafkin lokacin da yake bushe. Ka sayi littafi mai kauri ka ba 'yan aji shida. Duk Alhamis su rubuta inda ruwa ya kai, da tsawon igiyar rijiyar makaranta, da tsuntsayen da suka gani da sunayen da kakanninsu ke kiransu. Su rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a kan tsamiyar gari, da ranar da tafkin ya ƙafe. Ka ce yanzu yana kaiwa Fabrairu. Ka tambayi tsofaffi wane wata yake kaiwa lokacin da suke yara, wannan shi za a fara rubutawa a shafin farko.